Daga Duwatsun Jos Zuwa Kasuwar Singa



Duk wanda ya shiga Kasuwar Singa da hantsi, ya ga 'yan dako suna sauke buhunan shinkafa, ya ga fatake daga Maraɗi da Damagaram suna ciniki, ba lalle ne ya tuna da kogi ba. To, amma wata shinkafar da ake casa a Kano, a Kura da Kadawa aka noma ta, da ruwan madatsar Tiga. Saboda haka muka ga ya kamata mu bi ruwan nan tun daga mafarinsa, mu ga ko na wane ne.

Kogin Kano daga tuddan kudu yake gangarowa, wajen Riruwai. Ya haɗu da Challawa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Shi kuwa Jama'are daga duwatsun Jos ya taso. Su biyun suna gamuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su fita ta Gashuwa da sunan Yobe, wanda daga can gaba ya zama iyakar Nijeriya da Nijar, har ya faɗa Tafkin Chadi. Mai tattasai a Difa da mai shinkafa a Kura, ashe, ƙwarya ɗaya suke sha.

An kammala Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992. Ba mu musun alherinsu, domin mu ma daga cikinsu muke sha. Amma bari mu faɗi abin da ya sami na ƙasa. Da, ambaliyar damina ce ke shimfiɗa ruwa a fadama, masunci ya kama kifi, makiyayi ya sami ciyawar rani, manomi ya shuka a danshin da ruwa ya bari. Da aka tare kogin sai ambaliyar ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina. Wannan ya yi wa ciyawar kacalla daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki, har ya zamana wani ƙauye yana nutsewa, maƙwabcinsa yana haƙa rijiya a cikin kogi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kada wani ya ce Tiga ce ta ƙafar da Tafkin Chadi. Yawancin ruwan tafkin daga Kogin Shari yake zuwa, fari kuwa na 1973 da na 1984 ya yi tasa ɓarnar. Abin da muke zargi shi ne gina madatsa ba tare da an shawarci mutanen gangare ba.

Hukumomi kam ba mu rasa su ba. A 1964 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. A 1990 aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan koguna huɗu tsakaninmu da Nijar, ciki har da Yobe da Gulbin Maraɗi, wanda madatsar Jibiya ke zaune a kansa. A 2006 kuma jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka yi taro a Damaturu, suka kafa asusun kula da kogin. Takarda ta yi kyau. Sai dai takarda ba ta buɗe ƙofar madatsa. Ma'aikaci ne ke buɗewa, shi kuwa umurnin na sama da shi yake bi.

Nan ne maganar ta dawo kanmu, domin wasunmu gobe su ne za su zauna a ofisoshin nan. Mu tuna kuma a Kogin Kwara mu ne na ƙasa. Daga tuddan Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso Kainji, ga kuma madatsar Kandaji da Nijar ta sa a gaba. Hujjar da za mu kai Yamai, ita mutanen Gashuwa da Difa suke kawo mana.

Abin da muke nema ba shi da yawa: a riƙa auna ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa, a buga adadin kowane wata, a karanta shi da Hausa da Barbarci a rediyo, kuma a ba sarakunan ruwa da ardo-ardo kujera ranar da za a tsara jadawalin sakin ruwan.