Tarar Naira Hamsin: Lacca Kan Hukuncin Zaluntar Dabbobi



Mutane da yawa sun ɗauka Najeriya ba ta da dokar da ta hana zaluntar dabba. Akwai ta. A Kudu, sashe na 495 na dokar manyan laifuka ya tanadi ɗaurin wata shida, ko tarar naira hamsin, ko duka biyun. A Arewa kuma sashe na 207 na dokar Final Kod ya haramta dukan dabba da azabtar da ita, har da shirya karon raguna da faɗan zakaru. Matsalar ita ce hukuncin ya tsufa. Naira hamsin a yau ko ƙosan karin kumallo ba za ta saya maka ba, to wane dillali ne zai ji tsoronta?

Ku tsaya a bakin hanyar da tirelolin shanu ke bi daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas. An cusa shanu an ɗaure ƙahonninsu a jikin ƙarfe, kwana biyu ko uku ba ruwa ba ciyawa. Wanda ya durƙusa, yaron mota ya murɗe masa wutsiya har ta karye don ya miƙe, in ya ƙi tashi sauran su tattake shi. Ko ku ɗaga akumarin jakin da ke jidar yashi a bayan gari, ku ga gyambon da ƙudaje ke bi, a kansa kuma za a sake ɗora mangala gobe da asuba.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: mutum ma bai tsira ba, ana ta dabba? Tambaya ce mai nauyi. Amma san da ya isa mahauta a galabaice, namansa mu za mu ci, asararsa kuma ta makiyayi ce. Sannan mu da muka taso da labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har ta mutu, da umarnin wasa wuƙa kafin yanka, bai kamata a ce sai Bature ya koya mana wannan ba. Duk da haka, ku dubi wasu ƙasashe: Ingila ta yi dokarta tun 1822, a 2021 kuma ta ɗaga hukuncin daga wata shida zuwa shekara biyar. Ko cinikin fatar jaki da ake kai wa Sin, Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Ni ban damu da tsawon ɗauri ba sosai, gidajen yarinmu sun riga sun cika maƙil. Abin da nake nema daga majalisun dokokin jihohi shi ne tarar da ta kai darajar dabbar da aka zalunta, a kuma riƙa sabunta ta. Alƙali ya samu ikon ƙwace dabbar, ya hana mai laifin sake kiwo ko fatauci na wani lokaci. Kuma hukuncin ya hau kan mai mota da mai kaya, waɗanda suka yanke shawarar loda shanu fiye da kima, kada a tsaya kan yaron motar da aka ba sanda.

 Ina sauraron tambayoyi.