Karantar da Ɗalibai Littattafan Mutanen Da

(Matanin jawabin da aka gabatar a zaman bita na malaman makarantun Islamiyya)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ba ni shi ne yadda za a karantar da ɗalibai manyan littattafan da al'ummun da suka shuɗe suka bari, tun daga Babila da Yunan da Hindu da Farisa har zuwa zamanin Bagadaza da Ƙurɗuba da Alƙahira. Zan fara da ciwon da ke damun mu. Ɗalibinmu na yau ya haddace sunaye. Ka tambaye shi wane ne Ibn Sina, zai ce maka babban likita ne. Ka tambaye shi Khawarizmi, zai ce shi ne uban aljabara. Amma ka ce ya faɗi mas'ala guda ɗaya da ɗayansu ya warware, ko shafi guda da ya taɓa karantawa daga littafinsu, sai ka ji shiru. Mun mayar da waɗannan bayin Allah abin alfahari a kan mumbari, alhali littattafansu na rufe. Da'awata a wannan zama ita ce a buɗe littafin kansa a gaban ɗalibi, ko da shafi biyu ne, malami na zaune kusa da shi.

Akwai mai cewa, ina ruwan ɗalibi Musulmi da rubutun Yunanawa masu bautar gumaka? Tambaya ce mai nauyi, kuma malamanmu sun amsa ta tun da daɗewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya zauna ya karanci falsafa har ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya bayyana ra'ayoyin masu ita kamar yadda suke, sannan ya rubuta Tahafutul Falasifa ya yi musu raddi a mas'aloli 20. A uku daga ciki ya kafirta su: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tayar da jikkuna ranar ƙiyama. Amma a cikin Munƙiz ya rarraba iliminsu kashi-kashi, ya nuna cewa lissafi ba shi da alaƙa da tabbatar da addini ko kore shi, ya kuma ja kunne game da mutum biyu. Na farko shi ne wanda ƙwarewarsu a lissafi ta burge shi har ya bi su ido rufe a sha'anin Ubangiji. Na biyu shi ne masoyin addini jahili, wanda yake zaton taimakon Musulunci shi ne ƙaryata duk abin da suka faɗa, har da lissafin husufin rana da wata, sai wanda ya san hujjar lissafin ya ɗauka cewa addinin ne aka gina a kan jahilci. Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya fi Gazali tsanani a kan manɗiƙin Yunan, amma duk wanda ya buɗe littafinsa na raddi ga masu manɗiƙi zai ga mutum ne da ya san abin da yake suka ciki da bai. Dukkansu biyu sai da suka karanta kafin su yanke hukunci.

Mu duba yadda littattafan suka iso hannun Musulmi, domin labarin da kansa darasi ne ga ɗalibi. Hunain bin Ishaƙ, Kirista ne mazaunin Bagadaza, ya rasu a 873, shi ne shugaban masu fassara na zamaninsa. Ya ba da labarin yadda ya nemi wani littafin Jalinus a kan hujja, ya bi ƙasar Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya, bai samu ba sai kusan rabinsa a Dimashƙa. Al'adarsa ita ce ya tara kwafe-kwafe da yawa na littafi guda, ya gwama su, ya fitar da matani ingantacce, sannan ya fassara. Ɗalibin da ya san yadda malaman hadisi ke gwama riwayoyi zai gane wannan aiki nan take. Kuma ba komai suka kwaso ba. Sun fassara likitanci da handasa da ilimin taurari da manɗiƙi, suka bar waƙoƙin Yunanawa masu cike da labarin gumakansu. Waƙar Homa da ake kira Iliyad ba ta fito cikakkiya da Larabci ba sai a 1904, a fassarar Sulaiman Bustani. Ibn Rushd kuwa, da bai samu littafin Aristo na siyasa a Andalus ba, sai ya yi sharhin Jamhuriyyar Aflaɗun a madadinsa.

To, da wane littafi za a fara? A ganina babu kamar Usul na Uƙlidis, wanda aka rubuta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Maƙala 13 ne. Hajjaju bin Yusuf bin Maɗar ya fassara shi a zamanin Haruna Rashid (kada a rikita shi da Hajjaju gwamnan Iraƙi, wannan wani ne daban), daga baya Ishaƙ ɗan Hunain ya sake fassarawa, Sabit bin Ƙurra ya gyara. Mas'alar farko a littafin ita ce yadda za a gina alwatika mai gefe uku daidai wa daida a kan layin da aka ba ka. Wannan ba ya bukatar kuɗi. Malami ya fita da ɗalibai fili da igiya da turaku biyu, a kafa turakun, a zana da'ira daga kowane turke da tsawon da ke tsakaninsu, inda da'irorin suka haɗu nan ne kusurwa ta uku. Sai malami ya yi tambayar da ita ce ran darasin: me ya tabbatar mana cewa gefunan uku daidai suke? Idan yaro ya ce ai ga shi ana gani, a ce masa ido na yaudara, kawo dalili. A wannan rana zai fara sanin bambancin da'awa da hujja, kuma wannan sani zai bi shi har ɗakin karatun usulul fiƙhi.

Daga nan a shiga littafin Khawarizmi na aljabara, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, a zamanin Ma'amun. Mutane da yawa ba su san cewa kashi mai girma na wannan littafi mas'alolin wasiyya da gado ne ba. Malamin fara'id zai iya ɗauko mas'ala guda, ɗalibai su warware ta da hanyar da suka saba, sannan su ga yadda shi ya warware ta, babu alama ko harafi, magana ce zalla: abu, da dukiya, da adadi. An fassara littafin zuwa Latin a 1145.

Darasin da na fi so a tsaya a kansa shi ne na Ibn Nafis. Jalinus, likitan Yunan na ƙarni na biyu Miladiyya, ya ce jini na ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ke tsakaninsu. Likitoci suka riƙe wannan magana wajen shekara dubu, har Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, bai fita daga inuwarta ba a cikin Ƙanun. Sai ga Ibn Nafis, likita kuma faƙihi Bashafi'e, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, yana sharhin sashen ƙirar jiki na Ƙanun, ya ce bangon nan mai kauri ne, babu ƙofa a cikinsa, jinin sai ya bi ta huhu ya haɗu da iska kafin ya dawo ɗakin hagu. Wannan magana ta daɗe a ɓoye, sai a 1924 wani likita Bamisire, Muhyiddin Taɗawi, ya ci karo da rubutun a ɗakin karatu na Balin a Jamus. Ku lura, ya ku malamai, a cikin sharhi aka yi gyaran. Mutumin ya girmama littafin har ya zauna yana bin sa layi-layi, bin nan kuwa shi ya kai shi inda kuskuren yake. Haka Razi ya rubuta littafin shakku a kan Jalinus, haka Ibn Haisam ya rubuta na shakku a kan Baɗlamus. Idan ɗalibi ya ji wannan, zai fahimci cewa girmama malami daban, ɗaukar sa ma'asumi daban.

Ba lissafi da likitanci kaɗai ba. Kalila wa Dimna asalinsa daga Hindu ne, aka kai shi harshen Farisa a zamanin Kisra Anushirwan a ƙarni na shida, Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen shekarar 750, kuma har yau Larabcinsa abin koyi ne ga mai koyon insha'i. Yaranmu sun riga sun ɗanɗana shi ba su sani ba, domin yana cikin littattafan da Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga gare su a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. A ajiye labari guda da Larabci, a tambaye su wace nasiha ce ake yi wa sarki a nan, kuma me ya sa aka sa ta a bakin dabba. Ga manyan ɗalibai kuma akwai dokokin Hamurabi sarkin Babila, na wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda aka tono dutsensu a Susa ta ƙasar Iran a farkon ƙarni na 20, yanzu yana gidan tarihi na Luba a Faransa. A cikinsu hukuncin rauni na bambanta gwargwadon matsayin wanda aka yi wa raunin, babban mutum ne ko talaka ko bawa. A karanta, a gwama da babin jinayat, ɗalibai su fitar da inda aka yi kama da inda aka rabu da kansu.

Game da hanyar koyarwa, Ibn Khaldun ya riga ya yi mana rabin aikin a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377 a ƙal'ar Ibn Salama a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya ce a bi fanni sau uku: karon farko a ba ɗalibi jigogin babi-babi a taƙaice gwargwadon ƙarfin hankalinsa, karo na biyu a faɗaɗa a kawo saɓani, karo na uku a buɗe masa duk abin da ya rufu. Ya soki yawan taƙaitattun matanoni da ake cusa ma'ana mai yawa a lafazi kaɗan, domin mai farawa yana ɓata lokacinsa wajen kwance lafazi. Ya hana a haɗa wa ɗalibi fanni biyu a lokaci guda. Ya kuma ce tsanani da duka suna koya wa yaro ƙarya da munafunci da kasala, maganar da ya kamata a rubuta a rataye a ofishin kowane shugaban makaranta. Ita kanta Muƙaddimar littafin karantarwa ce. A farkonta ya ɗauko adadin da masu tarihi irin su Mas'udi suka kawo, cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000, ya auna shi da faɗin ƙasa, da girman rundunar Farisa wadda ta fi su mulki nesa ba kusa ba, da yawan kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙuba da Annabi Musa, ya nuna adadin ba zai yiwu ba. Shafi uku ne ko huɗu. Ɗalibin da ya bi su a hankali ba zai ƙara karɓar kowane labari don kawai an rubuta shi ba.

Kada kuma wani ya ɗauka baƙon abu muke kawowa ƙasar nan. Shaihu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halascin karatun manɗiƙi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusukh inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta, ya ambaci diwanin mawaƙa shida na Jahiliyya cikin abin da ya ɗauka daga yayansa Shehu Usmanu. Mawaƙan nan galibinsu mushirikai ne, amma harshensu mabuɗi ne na fahimtar Alƙur'ani, shi ya sa aka karanta su a zaure. Muhammadu bin Muhammadu Bafulatanin Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Jabarti mahaifin mai tarihin nan, ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi a murabba'i su ba da jimilla ɗaya ta kowane ɓangare. Mun san abin da masu tsibbu ke yi da hatimi, kuma mun san hukuncinsa. Ƙa'idar jera lambobin kuwa lissafi ce tsantsa, kuma a nan ne rabe-raben Gazali ke yi wa malami amfani a aji.

Sharaɗi guda nake gindayawa. Littattafan da suka taɓa sha'anin Ubangiji, irin ilahiyyat na Aristo da Ibn Sina, ba na mai farawa ba ne. Sai ɗalibi ya yi ƙarfi a tauhidi da Larabci, kuma sai tare da malamin da ya san inda ramukan suke. Handasa da hisabi da tarihi da adabi kuwa, babu dalilin jinkirta su.

Abin da nake roƙon kowace makaranta shi ne darasi ɗaya a mako ga aji biyu na ƙarshe. Zango na farko a yi mas'aloli biyar na farkon Uƙlidis, na biyu labarai huɗu daga Kalila wa Dimna, na uku shafukan Ibn Khaldun a kan kura-kuran masu tarihi. Inda babu littafin, malami ya kwafi shafin a allo, ɗalibai su kwafa da hannunsu, a karanta da Larabci, a fassara da Hausa, sannan a rufe littafin a ce kowa ya faɗi hujjar marubucin da bakinsa. Waɗanda ke da Larabci mai ƙarfi a cikinku su ɗauki nauyin fassara waɗannan shafuka su raba wa sauran makarantu kafin zango mai zuwa.

Allah Ya amfanar da mu da abin da muka sani, Ya sanar da mu abin da zai amfane mu.