Ƙasar da Zurfinta Bai Wuce Kamu Ɗaya Ba



Na san wasunku za su yi mamaki da suka ji cewa, duk da ɗimbin matsalolin da ke damunmu, ni a kan turɓaya na zaɓi in yi magana. Ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin nan da 'yan shekaru da yawa daga cikinmu za su zauna a ofis, a shimfiɗa musu taswira, a nemi su sa hannu a kan wanda za a ba fili da kuma abin da zai yi da shi. Taswira tana nuna faɗin fili, amma ba ta nuna zurfin ƙasarsa, alhali kuwa zurfin nan shi ke yanke hukunci a kan ko filin zai ɗauki garma, ko kuwa kiwo kaɗai zai iya jurewa.

Bari in fara da dutsen da ake kira shel, watau dutsen laka. Asalinsa taɓo ne da ya kwanta a ƙarƙashin ruwa, nauyin abin da ya taru a kansa ya danne shi shekaru aru-aru har ya daskare, ya zama dutse mai falle-falle kamar littafi. Idan ya fito sarari, rana da ruwa da sanyi sukan marmashe shi ya koma yumɓu. To, a wurin da ruwan sama ya yi ƙaranci wannan marmashewa tana tafiya a hankali ƙwarai, kuma a kan gangare ruwa yana kwashe ƙasar kusan da saurin da take samuwa. Saboda haka sai ka tarar da 'yar shimfiɗar yumɓu a sama, dutse kuma yana nan kusa a ƙarƙashinta. Masanan ƙasa na Amurka suna kiran ƙasa marar zurfi idan an ci karo da dutse kafin a haƙa santimita 50, watau inci 20, abin da bai fi kamu ɗaya da 'yan kai ba.

Mene ne illar wannan? Ƙasa ita ce randar tsiro. Kowace ƙafa ɗaya ta yumɓu tana riƙe wa tsiro ruwa kimanin inci ɗaya da rabi ne kawai, don haka ƙasar da zurfinta ƙafa ɗaya ne ƙaramar randa ce, wadda fari na 'yan makonni ya isa ya ƙafar da ita. Daɗin daɗawa, yumɓun yakan kumbura in ya jiƙa, ya toshe ƙofofin da ruwa zai bi ya shiga, sai ruwan ya gangara ya tafi da ƙasar, ya bar kwazazzabai. Abin da ke riƙe irin wannan ƙasa shi ne ciyawa mai daɗewa, wadda saiwoyinta suka sarƙe kamar tabarma. Ranar da aka yaye tabarmar, ranar aka fara asara.

Misalin da zan kawo ya faru ne a yammacin Jihar Dakota ta Kudu, a tsakiyar Amurka. Fiye da shekara miliyan 70 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, kuma taɓon da ya bari shi ne dutsen lakar da ake kira Pierre, sunan wani sansani a bakin Kogin Misuri. Ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce inci 18 ba. Ƙasa ce ta ciyawa, inda garkunan ɓauna irin ta can suke kiwo suna wucewa, mutanen Lakota kuma suna farautarsu, kafin a karkashe ɓaunar a ƙarni na 19, a kuma ƙwace mafi yawan ƙasar daga hannun masu ita.

A shekarar 1862 majalisar Amurka ta yi doka cewa duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara 5 za a mallaka masa eka 160. Wannan awo ya dace da gabashin ƙasar, inda ruwa ya wadata. A 1878 wani masani mai suna John Wesley Powell ya miƙa rahoto yana cewa a busassun yankuna iyali ɗaya yana bukatar eka 2,560 na kiwo, watau ninki 16 na abin da doka ta tanada. Majalisa ba ta karɓi shawararsa ba. Da layin dogo ya ratsa yammacin Dakota ta Kudu a 1907, sai dubban mutane suka kwararo, suka kafa garma a kan tudu da kwari ba tare da bambancewa ba. Farin 1910 da 1911 ya kori da yawa daga cikinsu. Hukuma ta ƙara awon zuwa eka 320 a 1909, sannan eka 640 don masu kiwo a 1916, amma duk da haka bai wuce rabin rabin abin da Powell ya faɗa ba. Wanda filinsa ya yi masa kaɗan kuwa dole ya tara dabbobi fiye da kima, su cinye ciyawar har gindi.

Akwai kuma wata masifa da ke ɓoye a cikin dutsen kansa. Tun cikin shekarun 1850 wani likitan soja ya lura dawakin da ke kiwo a wani wuri kusa da Kogin Misuri suna zubar da gashin wutsiya da geza, kofatansu kuma suna lalacewa. Sai a shekarun 1930 aka gano cewa wani sinadari ne mai suna seleniyam, wanda wasu tsirrai ke zuƙowa daga ƙasar da ta samu daga dutsen lakar, har ya zama guba ga dabba.

Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Babban farin shekarun 1930, tare da karyewar tattalin arziki, ya tilasta wa hukuma ta sake tunani. A 1934 aka yi dokar tsara kiwo a filayen gwamnati, a 1935 kuma aka kafa hukumar kiyaye ƙasa a ƙarƙashin Hugh Bennett. Gwamnati ta sayi gonakin da suka mutu da kuɗin jama'a, ta mayar da su makiyaya, aka ƙayyade yawan dabbobin da za su shiga da lokacin shigarsu. A 1960 aka mai da irin waɗannan filaye hurumin ciyawa na ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu, Buffalo Gap, ya kusa eka 600,000. Ku duba fa, an kashe kuɗi an sayo abin da aka bayar kyauta, don kawai a mayar da shi yadda aka same shi.

Ya 'yan'uwa, mu ma muna da wannan dutse. Masana sun raɗa wa wasu shimfiɗunsa sunayen garuruwanmu, kamar Dange da Dukamaje a ƙasar Sakkwato, da Fika a Jihar Yobe. Ba ko'ina ƙasar da ke kansa take rasa zurfi ba, domin a kwari takan yi kauri, kuma ba a gane bambancin sai an haƙa. Muna kuma da dokar keɓe makiyaya wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1965, ga shi kuwa yawan jama'a yana tura gonaki cikin filayen kiwo da burtali. Idan filin da ba shi da zurfi ya shiga hannun manomi, zai yi girbi 'yan shekaru, sannan ya bar fako wanda ba shi ba makiyayi, rigima kuma ta koma kan 'yar fadamar da ta rage.

Roƙona ga duk wanda takardar fili za ta biyo ta hannunsa shi ne, kafin ya ɗauki alƙalami, ya sa a ɗauki diga. Ya tambayi zurfin ƙasar, ya tambayi makiyayan da suka daɗe a wurin, domin su sun san tudun da ciyawarsa ke fara bushewa. Haƙa rami aikin yini ɗaya ne, amma ƙasar da ruwa ya kwashe daga kan dutse, jikokinmu ma ba za su ga dawowarta ba.