Jawabi a Taron Ƙungiya: Kada a Cire Ƙwan Wutar Birki

Shugaba, dattawa, 'yan'uwa 'yan kasuwa, maganata gajeruwa ce, a kan a-kori-kurar da muke ɗauko doya da ita daga Agyaragu.

Bara jar wutar birki ta motata, Hilux, ta ƙi mutuwa ko an sauke birkin hannu. Yaron mota ya ce a cire ƙwan a huta. Na ce sam. Wutar nan aiki biyu take yi: tana nuna birkin hannu a ɗage yake, tana kuma nuna man birki ya yi ƙasa. Wanda ya cire ƙwan, ranar da mai ya tsiyaye ba zai sani ba, sai a gangaren Nasarawa Eggon da lodi, Allah Ya kiyaye.

Mai wayarin ya sa giya, ya yi wa taya waigi, ya duba man, a cike. Sannan ya zare wayar ɗan makunnin da ke gindin birkin hannu, nan take wuta ta mutu. Ashe ƙura da tsatsa suka maƙale shi. Ya kwance, ya ɗaura sabo, ko shayina bai huce ba.