Motar Rimot a Hannun Yaran Rijiyar Zaki

A Rijiyar Zaki yaran da muka sani da ƙera motar kara yanzu motar rimot suke kwancewa. Ɗan injin cikinta volt 3 yake ɗauka, sai su jona masa batirin waya biyu, wutar ta haura volt 7. Mota kam ta yi ta sheƙa gudu, amma injin ya ɗau zafi har ya ƙone. Masu basira kan warware tagullar ciki, su naɗa mai kauri, su rage zagaye. Gudu ya ƙaru, batiri ya riƙa saurin mutuwa. Wannan ilimi ne, wallahi. Iyaye, ku kai yaran wurin masu gyaran rediyo a Sabon Gari su koyi auna wuta da kula da batiri, domin batirin waya in ya huje yana kamawa da wuta.