Finafinai Bakwai Da Suka Zauna Mini A Rai: Ke Fa Uwargida, Ina Naki?

  

Yau hirar tamu a kan kallo ce. Na san wata za ta ce, to, kallo kuma har wani abin zama a tattauna ne? E, Hajiya, abin tattaunawa ne. Ke da kike cikin gida, ba kya zuwa kasuwa, ba kya zuwa dandali, baƙon da ya fi kowa shigowa ɗakinki shi ne fim. Ba ya jiran iznin maigida, ba ya tsayawa a zaure. Yana zama da ke, yana zama da 'ya'yanki, wani lokaci ma ya fi ki daɗewa tare da su. Baƙon da ya samu irin wannan dama kuwa ai ya kamata a san halinsa.

Shi ya sa na ce bari in kawo muku jerin finafinan da suka fi kwanta mini a rai, in faɗi dalilina a kan kowanne, ke ma ki zauna ki tsara naki.

Kafin nan, mu ɗan waiwaya. A da, kallon fim harkar maza ce. Gidajen silima irin su Rex da Palace da Plaza da El Dorado a Kano, maza ne ke cika su da dare, matar aure kuwa ko kusa ba ta zuwa. Talabijin ce ta fara shigo mana da finafinan Indiya har tsakar gida. Sai bidiyo ta zo da kaset ɗinta, aka riƙa aiken yara shagon haya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a kaset don sayarwa. Daga nan kasuwa ta buɗe, kuma kowa ya shaida matan gida ne suka riƙe ta. Kaset ya wuce, faifan CD ya zo shi ma ya wuce, yanzu kallo ya koma tashoshin tauraron ɗan'adam da wayar hannu. Kayan kallon ne suka sauya, mai kallon tana nan, ke ce.

Ni ma'aunina uku ne. Na farko, bayan shekara da shekaru ina iya tuna labarin, ko kuwa rawa da ado kawai na riƙe? Na biyu, zan iya kallonsa da 'yata da surukata a ɗaki ɗaya ba tare da na sunkuyar da kai ba? Na uku, da aka gama, ya bar mini wata tambaya game da gidana? Fim ɗin da ya haye waɗannan uku, shi ke shiga jerina.

Na ɗaya shi ne Alhaki Kwikwiyo, na 1998, wanda aka ɗauko daga littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu. A littafin 'ya'yanta tara, mijin yana da hali amma ba ya sauke nauyin gida yadda ya kamata. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Me Rabi ta yi? Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ci gaba da riƙon 'ya'yanta har ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Shi kuwa Alhaji Abdu, gobara ta cinye dukiyarsa, wadda ya fifita ta juya masa baya. Abin da ya sa na ɗora shi a sama shi ne, ranar da aka kori Rabi ba dangi ne suka ciyar da ita ba, hannunta ne. 'Yar'uwa, ko aurenki zuma ne, ki riƙe sana'a. Ƙuli-ƙuli ne, ɗinkin hula ne, kitso ne, saƙa ce, turaren wuta ne, duk ana yinsu a cikin gida ba tare da an taka ƙofar zaure ba. Ba fatan saki muke yi ba, Allah Ya kiyaye, amma ciwo da mutuwa da karayar arziki ba sa shawara da kowa. Littafin nan, don ku sani, an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Wato mu muna kallon nasu, su ma sun karanta namu.

Na biyu, Mother India, na 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, Nargis ta fito a matsayin Radha. Iyayenmu da kakanninmu sun san shi sarai. Mafarin wahalar gidan nan bashin biki ne. Uwar miji ta ranto rupi 500 wajen wani mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi shagalin auren ɗanta. Daga baya aka yi gardama a kan sharuɗɗan bashin, mutanen gidan ba su iya karatu ba, dattawan ƙauye suka ba mai kuɗi gaskiya. Aka wayi gari kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu nasa ne. Miji ya rasa hannayensa biyu wajen aikin gona, kunya ta sa ya bar gida, Radha ta ja garma da kanta ta reni 'ya'ya. A ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya zo zai sace 'yar Sukhilala ranar aurenta, uwar ta harbe shi da hannunta don kare mutuncin 'yar mutane. Ana kuka a wannan fim, ni ma ina yi. Amma in kin share hawaye, ki tuna da kayan ɗaki da gara da anko da muke ciyo wa bashi don kada a yi da mu. Biki kwana uku ne ko bakwai, bashi kuwa yana iya cin shekaru. Sannan ki lura, rashin karatu ne ya ba azzalumi ƙofa. Kada ki dangwala hannu a takardar da ba a karanta miki ba, kuma in akwai makarantar yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure kusa da ke, ki nemi iznin maigida ki shiga.

Na uku, Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Labarin zamanin bauta ne. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannu daban-daban har wani Balarabe ya tafi da shi ƙetaren hamada, inda ya yi karatu ya zama malami. Amma ni ba Umar nake kallo ba, uwarsa nake kallo. Ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ita ma aka mai da ita baiwa, ta sha wuya iri-iri, ba ta fasa ba sai da ta gan shi da idonta, sannan ta cika. Shekaru da dama fim ɗin nan ba ya samuwa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin, a Jamus, a 2018. In kin samu dama ki kalla da yara, su ga irin suturar kakanninsu da irin Hausarsu, su kuma san cewa bauta ta faru a ƙasar nan, ba tatsuniya ba ce.

Na huɗu, Sangaya, na kamfanin Sarauniya a 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Wadda duk ta yi wayo a lokacin ta san yadda ya karaɗe gari, har gidan biki ba ya armashi sai an sa waƙarsa. Labarin ɗan sarki ne da yarinyar da ke aiki a gidan sarauta, wadda yake wulaƙantawa, daga baya zuciyarsa ta koma kanta. Mutane da yawa waƙar suka riƙe. Ni abin da na riƙe shi ne 'yar aiki. Kusan kowane gida akwai ta, ko 'yar riƙo, ko almajirin da ke yi mana wanke-wanke da aike. Yaya kike kiranta? Me take ci, a ina take kwana? 'Ya'yanki suna kallon yadda kike yi mata, kuma haka za su yi wa na ƙasa da su.

Na biyar, Baghban, na 2003, na Amita Bacan da Hema Malini. Miji da mata ne da suka shekara 40 tare, suka ƙarar da abin hannunsu kan 'ya'yansu maza huɗu. Da uban ya yi ritaya, 'ya'yan suka raba su, uwa gidan wannan, uba gidan wancan, ana karɓa-karɓa da su kamar kaya. Maraya da suka riƙa, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa, shi ne ya san darajarsu. Wannan fim iyaye suna son shi don yana faɗa wa 'ya'ya gaskiya. Amma ni da mu matan 'ya'ya nake. A cikin fim ɗin, surukai mata suna da hannu a abin da ya faru. Ke da uwar mijinki take gidanki, ko take aiko a karɓo mata cefane, ki tuna ɗan da kike goyo yau shi ma zai kawo miki suruka.

Na shida, The Message, wanda Larabawa ke kira Ar-Risala, na Mustafa Akkad, a 1976. Tarihin farkon Musulunci ne, daga Makka zuwa hijira zuwa Badar da Uhudu. An kiyaye ladabi, ba a nuna fuskar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma jin muryarsa. Yaro yakan ji labarin azabar da aka yi wa Bilal da Sumayya a makaranta ya wuce, amma in ya gani a hoto sai ya zo yana tambaya. To, in ya tambaya, ki ba shi amsa daga abin da malamai suka karantar, domin fim ba littafi ba ne, akwai abin da ake taƙaitawa ko a tsara don kallo.

Na bakwai kuwa na dariya ne, kuma ba zan ware ɗaya ba: finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, Allah Ya jiƙansa. Kada wata ta raina dariya. Matar da ta tashi tun asuba tana hura wuta, ta yi wanka wa yara, ta yi shara, ta yi girki sau uku, tana da haƙƙin ta zauna ta yi dariya har hawaye. Na ga gidan da kishiyoyi ba sa ga maciji, amma in an sa Ibro sai ka gansu a tabarma ɗaya. Sai dai a zaɓa, don ba kowace barkwanci ce ta dace da kunnen yara ba.

To, kun ji nawa. Wata za ta ce ina Wasila, ina Ki Yarda Da Ni, ina In Da So Da Ƙauna? Wata ta ce an bar Kuch Kuch Hota Hai, ai ba a yi komai ba. 'Yan baya kuma su ce ina Daɗin Kowa na Arewa24, ina Labarina? Duk kuna da gaskiya, kuma daɗin abin ke nan. Jeri ba jarrabawa ba ce, hanci bai san daɗin gishiri ba, kowa da abin da ya taɓa zuciyarsa. Wadda ta sha zaman kishi ba za ta zaɓi abin da amaryar bana za ta zaɓa ba.

Ga abin da nake roƙonki. Ki samu takarda, ko ki sa 'yarki ta rubuta miki, ki jera biyar ko bakwai. A gaban kowanne ki faɗi dalili, ko da jimla ɗaya ce. In kin rasa dalili ban da kyan jaruma ko ɗinkin da ta sa, to ki ajiye shi gefe ki sake tunani. Sannan ki tambayi 'yarki budurwa nata jerin, ki saurara ba tare da faɗa ba. Wallahi za ki ji abin da ke ranta game da aure da kuɗi da irin mijin da take mafarki, abin da ba za ta taɓa faɗa miki kai tsaye ba. In kin ji abin da bai yi miki ba, ga ƙofar nasiha ta buɗe cikin ruwan sanyi. Haka ɗanki namiji, in duk jerinsa na faɗa ne da harbe-harbe da 'yan daba, kin samu abin lura.

Wannan ya fi zama dole a yanzu. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai tun 2001, amma abin da ke shigowa ta waya daga ko'ina cikin duniya ba ya bi ta teburin kowa. A zamanin kaset, akwatin kallo ɗaya ne a tsakar gida, kowa na ganin abin da kowa ke kallo. Yanzu yaro yana ƙudundune cikin bargo da waya, ke kina zaton barci yake. Hukumar tacewa ta gidanki ke ce. Kuma ba za ki iya tacewa ba sai kin san abin da ke kanki kike so da dalilin son sa.

Abu na ƙarshe, a ba kowane abu lokacinsa. Kada tuwo ya ƙone, kada salla ta wuce, kada maigida ya yi sallama sau uku ana can ana kallon ko jaruma za ta amince. Fim zai jira ki, in ma ya wuce za a maimaita.

Ku aiko mana da jerinku ta wasiƙa ko ta saƙon waya, ko ku ba yara su kawo gidan rediyo. Wadda ba ta son a ambaci sunanta ta faɗa, za mu sakaya. Za mu karanta su a shirye-shirye masu zuwa, mu ga wane fim ne matan gida suka fi ɗaukaka, mu kuma ji dalilanku, don su ne suka fi jerin kansa amfani.

A nan zan dakata. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum.