Mu Leƙa Ƙasar Indunusiya

 Yau za mu yi doguwar tafiya ba tare da mun tashi daga kan tabarma ba. Za mu je Indunusiya, can gabas mai nisa.

Alhazan da ke cikinmu sun san mutanenta. Su ne waɗannan masu tafiya a jere a Makka, ba hayaniya. Ƙasarsu tsibirai ce fiye da 17,000, wato ƙasa ce da ruwa ya kewaye gunduwa-gunduwa. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 270, kuma mafi yawansu Musulmi ne.

Kanumfarin da muke sa wa a kunu, asalinsa daga tsibiran Maluku na ƙasar ne. Shi da sauran kayan yaji suka jawo musu Turawa. Turawan Holan sun zo da sunan ciniki, sannu a hankali suka zama masu gida. Sai ran 17 ga Agusta, 1945, Sukarno ya yi shelar 'yancin kai. Holan ta ƙi yarda, aka yi ta gwabzawa har 1949 kafin ta haƙura.

To, me baƙo zai gani? A tsibirin Jawa akwai Borobudur, wani ƙaton ginin dutse hawa-hawa. Mabiya addinin Buda suka gina shi shekara fiye da 1,100 da suka wuce. Daga baya aka watsar da shi, daji ya cinye shi. A 1814 aka sare dajin, ginin ya sake fitowa. Yau Musulmi ne ke zaune kewaye da shi, suna kula da shi, suna kuma cin abinci da baƙin da ke zuwa kallo.

Amma ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne garin Kudus. Musulunci bai shiga Jawa da takobi ba, fatake da malamai suka kai shi. Masallacin Kudus an gina shi a 1549. Hasumiyarsa ta jan bulo ce, kuma ta yi kama da ɗakin ibadar 'yan Hindu, waɗanda malaman suka tarar a garin. A samanta akwai wani babban tambari da ake bugawa in lokacin salla ya yi. Mutanen garin suna cewa malaminsu, Sunan Kudus, ya hana yanka saniya, don 'yan Hindu suna girmama ta, kada a ɓata musu rai. Har yau da yawa a Kudus ɓauna ta gida suke yankawa, ko da Babbar Salla.

A Jakarta kuwa akwai Masallacin Istiƙlal, wanda aka buɗe a 1978. Kirista ne ya zana fasalinsa, sunansa Silaban. Babbar coci na tsallaken titi, suna kallon juna.

Iyayenmu mata, ga naku. Mutanen Jawa suna zana yadi da narkakken kaki, sannan su tsoma shi a rini. Inda kakin ya taɓa, rini ba ya kamawa. Suna kiran wannan batik. Turawan Holan suka kwaikwayi aikin da inji, masu batik ɗin ba su yi marmarinsa ba, sai aka juyo da hajar Afirka ta Yamma. Atamfar da kuke kira Holan, daga nan ta samo asali.